Batirin motar telekomand: 9900mAh ɗin nan gaskiya ne ko rubutu ne kawai?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu ilimin batir ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Akwai motar telekomand da yayana ya sayo min daga Kano, ba irin ta yara da ake sa wa pil huɗu ba, wannan tayoyinta huɗu duka suna ja, in ka sake ta a filin ƙasa ƙura ce ke tashi har yaran unguwa su biyo ka. Batirin da ta zo da shi an rubuta 7.4V 1500mAh 2S 25C a jikinsa, yana da wayoyi biyu masu kauri ja da baƙi, sai kuma wani ɗan farin kai mai siraran wayoyi uku wanda nan ake cusa igiyar USB ɗin.

Matsalar ita ce wajen minti goma take yi gudu ya mutu, kuma sai ka zauna awa biyu har uku kana jiran ya cika, in an ɗauke kuran a tsakani kuwa shi ke nan sai gobe. To sai na ga wasu batura wajen wani mai tebur, dogaye shuɗaye masu kama da pil amma sun fi shi girma, guda biyu haɗe, an rubuta 9900mAh, ya ce min wannan ai ya ninka naka sau shida, awa guda za ka yi kana wasa. Wallahi ko minti biyar ba su kai ba, kuma motar ko ɗan tudun yashi ba ta iya hawa da su.

Shi ya sa nake tambaya, wai mene ne ainihin mAh ɗin nan, in ya yi yawa gudu ne ke ƙaruwa ko daɗewa? Wani abokina ya ce in sa 3S motar za ta tashi sama, gaskiya ne? 25C ɗin fa, zafi ne ko me? Sannan na asalin ma na lura ya fara ɗan tasowa a tsakiya, in ka danna shi da yatsa yana lotsawa. Kuma muna da sola a gida, ko da hanyar da zan yi caji da ita. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mai Gyaran Waya Kasuwar Dole

Wa alaikumus salam ƙanena. Hahaha 9900, ai ka yi sa'a ma, ni na ga mai 12000 a jiki, tawada ba ta da tsada. Waɗannan dogayen sunansu 18650, lambar kuma awonsu ce, kauri milimita 18 tsawo 65, su ne a cikin batirin ordinater da manyan tocila da fankokin nan na caji. Na gaskiya daga manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic, mafi girmansu wajen 3500mAh yake tsayawa, duk abin da ka ga ya haura haka sosai a wannan girman to ƙarya ce tsagwaronta.

Ga yadda nake gane su ba tare da wata na'ura ba. Ka kai wajen masu sayar da zinare ko duk mai ƙaramin sikeli a ɗora maka ƙwaya ɗaya, ta gaskiya giram 45 zuwa 48 take yi, jabun sau da yawa ko 30 ba ya kaiwa, a hannu ma za ka ji shi fayau. Na taɓa fasa irinsu a shago, ɗan mitsitsin batir ne a ciki sauran wurin fanko. Shawarata ka zo in ba ka ƙwayoyi biyu daga tsohon batirin ordinater, suna nan jibge, a haɗa maka, sun fi wancan shuɗin nesa ba kusa ba. Shi kuma mai kumburin nan ka daina cajinsa tun yau, zan dawo kansa in na sallami mutane.

Malamin Fizik

Salamu alaikum. Ɗan Birni tambayoyinka masu kyau ne, bari in bi su da lissafi don ka riƙa yi da kanka, ba sai mai tebur ya faɗa maka ba.

mAh awon yawan wutar da batir ke ɗauka ne. Ka ɗauke shi kamar tankin kabu-kabu, in ka sa wa babur tanki mai lita goma maimakon biyar ba zai fi da gudu ba, zai dai kai ka Mirya ya dawo sau da yawa kafin ka nemi esans. To 1500mAh shi ne amfer 1.5 na tsawon awa guda. Motarka ba amfer 1.5 take ja ba, irin waɗannan in ana taka su a yashi a ce tana jan amfer 9 a tsaka-tsaki, ka raba 1.5 da 9 ka ninka da minti 60, minti 10 ke nan cif. Ka ga batirinka na asali bai cuce ka ba, abin da aka rubuta shi ya ba ka. In kana tayar da ita da ƙarfi kana tsayawa kana tayarwa, ko yashin ya yi laushi tayoyi na nutsewa, abin da take ja ya ƙaru, lokacin ya ragu.

Gudu kuma na volt ne. Kowace ƙwaya ta lipo, wato irin batirin litiyom da ya zo da motarka, volt 3.7 ake rubuta mata, in ta cika tam tana 4.2, kuma ba a so ta sauka ƙasa da 3.0 ko kaɗan. 2S na nufin ƙwaya biyu a jere, shi ne 7.4, cikakke 8.4. 3S ƙwaya uku, 11.1, cikakke 12.6. Abokinka ya yi gaskiya ta gefe ɗaya, injin zai juya da sauri fiye da da, don ka ƙara masa rabin abin da yake samu. Abin da bai faɗa maka ba shi ne akwatin da ke sarrafa gudun, wanda za ka ga an rubuta ESC a takardar motar, an yi shi ne don wani iyaka. In takardar ta ce 2S kawai, to 3S zai ƙone shi, wani lokaci a take kana jona wayar, kuma a ƙananan motocin nan akwatin haɗe yake da mai karɓar saƙon telekomand, in ya tafi duka sun tafi. Injin da ke juya tayoyin ma, in irin mai gawayi a ciki ne, zafi zai cinye shi. Kada ka gwada sai ka ga an rubuta 3S ƙarara.

Wani abu da ke ruɗa mutane, ba a kwatanta mAh da mAh sai volt ɗinsu ɗaya ne. In kana son ainihin ƙarfin da ke ciki ka ninka volt da amfer-awa, ya ba ka wat-awa. Naka 7.4 sau 1.5, wato 11.1. Fawabank ɗin da aka rubuta wa 10000mAh a kan volt 3.7 aka auna shi, 37 ke nan, daidai da batirin mota 2S mai 5000mAh, shi ma 7.4 sau 5, 37. Lamba ɗaya ta ninka ɗaya amma abin da ke ciki ɗaya ne. Da wannan lissafin za ka kama mai 9900 ɗin ma, 9.9 sau 3.7 ya haura 36 a cikin abu mai giram 45, wato sama da 800 a kilo guda, alhali ƙwayoyi mafi kyau da ake sayarwa wajen 250 zuwa 270 suke. Tun 1991 da Sony ya fara fito da batirin litiyom-ayon mai caji kasuwa ake ta fama a ƙara wannan adadin kaɗan-kaɗan, mutum uku ma sun ci kyautar Nobel a 2019 a kan aikin, Goodenough da Whittingham da Yoshino, ba a kan teburin bakin hanya za a ninka shi uku dare ɗaya ba.

25C ba zafi ba ne. Iyakar wutar da batirin zai iya saki lokaci guda ne, in mun koma kan babur ɗin nan, faɗin tiyon da ke kai mai ga inji. Ka ninka lambar da amfer-awa, 25 sau 1.5, amfer 37.5. Amma ni dai ban cika yarda da lambar C ba, kowane kamfani da yadda yake auna nasa, za ka ga an rubuta 100C a batir 5000mAh, wato amfer 500, ko wayar da ke jikinsa ba za ta ɗauki wannan ba sai ta narke. Ka ɗauke ta a matsayin nuni kawai. Shuɗayen naka abu biyu ne ya haɗu musu, ba su da wuta da yawa kuma ba sa iya sakinta da sauri, da ka taka sai volt ya faɗi ƙasa, shi ya sa tudu ya gagare ta.

A nan ne zan ɗan saɓa da ɗan uwana mai gyaran waya, da girmamawa. Ƙwayoyin ordinater na gaskiya ne ba shakka, amma an yi su ne don su ba da wuta kaɗan na dogon lokaci, amfer huɗu biyar ne ƙarfinsu, ga shi sun tsufa. Mota in ta tashi daga tsaye tana iya fizgar 20 ko 30 na ɗan lokaci. Za su yi zafi, kuma za ka ji motar ta yi sanyi. In lallai 18650 ake so, akwai masu sakin wuta da yawa, irin Samsung 25R mai 2500mAh da amfer 20, ko 30Q mai 3000mAh da amfer 15, irin waɗanda ake samu a batirin injin huda bango.

Mai Gyaran Waya Kasuwar Dole

Malam ai ba a ja da ku, ku ne da alli. Amma fa na haɗa wa yara da yawa kuma suna ta wasa har yau, sai dai gaskiya motocinsu ƙanana ne masu tafiyar hawainiya, ba irin ta Ɗan Birni mai tada ƙura ba. To na janye tayin, sai in tocila yake so.

Ɗan Birni

Kai Malam Allah ya saka da alheri, yau na fahimci abin da na daɗe ina kallo kamar rubutun likita. Na duba takardar, 7.4V kawai aka rubuta, maganar 3S ta mutu. To yanzu in na samu 2S mai 5000mAh na gaskiya ke nan zan yi fiye da rabin awa? Kuma maganar caji fa, igiyar USB ɗin nan ita ce ta kumbura min batir ko me? Don ni in na gama wasa nakan jona shi nan take ya cika, in ajiye shi a shirye a ɗakina har sai ranar da na samu sarari, wani lokaci sati biyu.

Mai Sola na Sabon Gari

Ɗan Birni bari in shigo nan tunda an zo ɓangarena, ni ma ina da irin motocin nan guda biyu ni da yarana, ran Juma'a da yamma muke fita da su.

5000 ɗin a lissafi haka ne, amma fara auna ramin batirin motarka da rula tukuna. Mai 5000mAh na akwati mai tauri tsawonsa santimita 13 zuwa 14 ne, nauyinsa ya kusa giram 300, na manyan motoci ne, a taka ba zai shiga ba, in ma ka ɗaure shi da roba a sama nauyin zai sa ta riƙa kifewa a kwana. Nemi 2200 ko kusa da haka wanda zai zauna daidai, zai ba ka wajen minti 15. Ni a ganina ma gara batir biyu ko uku matsakaita da ɗaya babba, don lokacin da kake canzawa injin yana shan iska, a zafin garin nan in ka ba ƙaramin inji rabin awa ba tsayawa warin ƙuna za ka ji. Kuma ka duba kan wayar kafin ka aika a sayo maka, akwai jan nan mai siffar T, akwai rawaya XT60, ba sa shiga juna. In za a canza kan, waya ɗaya ake yankewa a like a rufe ta sannan a taɓa ɗayar, kada a sa almakashi a kan biyun lokaci guda, tartsatsin da zai tashi ba wasa ba ne.

Kumburin kuwa ba sai an je da nisa ba, ka riga ka faɗi dalilinsa. Lipo abu uku ne ba ya so, a cika shi yana da zafi, a bar shi cike tam kwana da kwanaki, da a tsotse shi har ƙasa. In motar ta gama gudu batirin na da zafi, ka bar shi a inuwa minti 20 zuwa 30 ya huce kafin caja ta taɓa shi. Ƙa'idar masu yin sa ita ce kada a yi caji in ya haura digiri 45, to mu nan a watan Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana wuce 40, ɗakin kwano da azahar kuwa ba a magana, ka ga tazarar da ta rage mana kaɗan ce. Ni da bazara sai bayan isha'i ko da asuba nake caji. A wajen wasa kuma in ka taɓa shi ka ji ba ka iya riƙe shi a tafin hannu, ya doshi 60 ke nan, a tsaya.

Ajiya ita ce babbar. In ba yau ko gobe za ka yi wasa ba, kowace ƙwaya ta zauna a 3.8 zuwa 3.85, wato 7.6 zuwa 7.7 a batirinka, kusan rabi. Batir cike a 4.2 cikin ɗaki mai zafi na sati biyu, ruwan da ke cikinsa ne ke lalacewa yana fitar da iska, jakar kuma a like take ba ta da mafita, shi ne tasowar da kake ji da yatsa. Igiyar USB ba ta san wannan ba, ita cikawa kawai ta sani. Ba wai muguwa ba ce, tana ɗaukar volt 5 na cajar waya ta ɗaga shi, wutar da take turawa kaɗan ce shi ya sa take cin awa uku, amma fitila ja da kore kawai gare ta, ba ta gaya maka komai.

Abin da zai raba ka da wahalar nan caja ce mai allo, wadda aka fi sani iMAX B6 ta kamfanin SkyRC. Kana zaɓar LiPo, ka zaɓi 2S, ka sa amfer. Ƙa'idar amfer ɗin mai sauƙi ce, abin da ake kira 1C, wato mAh ɗinka ka raba da dubu, 1500 amfer 1.5, 2200 amfer 2.2, awa guda da 'yan mintuna ya cika. Za ka ga da farko amfer na tsaye volt na hawa, in ya kai 8.4 sai volt ya tsaya amfer ya riƙa sauka a hankali har ta yi ƙara, kada ka ce ta lalace, haka cajin litiyom yake.

Farin kan nan mai wayoyi uku kullum ka cusa shi, ka zaɓi wurin da aka rubuta BALANCE. Dalili, cajar da ke kallon jimla kawai in ta ga 8.4 ta gamsu, alhali yana iya zama ɗaya na 4.35 ɗaya na 4.05, wadda ta haura ɗin ita ce mai kawo gobara. Ta siraran wayoyin ne take ganin kowace ƙwaya daban tana daidaita su. Akwai kuma STORAGE, shi ke kai maka batir 3.8 ɗin da na faɗa, sai dai wajen sauke wuta tana da nawa sosai don wat 5 kawai take iya ƙonawa, gara ka ɗan zaga da motar ya ragu sannan ka ba ta ta ƙarasa. Kuma ita ce za ta tona asirin kowane batir, in ya sauka ka cika shi, allon zai rubuta mAh nawa ya shiga, ka gwada da shuɗayen nan ka zo ka ba mu labari mu yi dariya. Kwaikwayonta sun yi yawa a kasuwa, wasu na aiki lafiya wasu awonsu ya karkace, don haka cajin farko ka sa multimita, na'urar awon volt, a farin kan ka tabbatar ba ƙwayar da ta wuce 4.2.

Sola kuwa nan ne daɗin abin, B6 ta asali ba ta ma shiga kuran kai tsaye, volt 11 zuwa 18 take ci, ke nan batirin solarku na volt 12 ya yi mata daidai, ka maƙala ja a ja baƙi a baƙi. Amma daga batirin fa, ba daga pano ba. Panon da ake ce wa na 12 in rana ta take ba a jona masa komai ba yana haura volt 20, kuma gajimare ko ƙura na wucewa wutar ta yi ƙasa ta dawo. Kada 'yan gida su ce za ka shanye musu wutar fanka, batirin 100Ah wat-awa 1200 ne, naka 11 ne kacal. Batirin babur ma zai yi sau ɗaya ko biyu in kuna fili, fiye da haka sai turi. Ita B6 ɗin iyakarta wat 50 ne da amfer 5, a kan 2S ba za ka taɓa jin ta gaza ba.

Sai tsotsewa. Da ka ji gudu ya fara raguwa ka tsaya, kada ka ce bari in ga ƙarshensa. Wasu motocin suna yanke wuta da kansu wajen 3.2 a ƙwaya, wasu ba sa yi. Akwai ɗan ƙaramin abu mai arha da ake cusawa a farin kan yana nuna volt ɗin kowace ƙwaya, ka saita shi a 3.5 zai yi ta kuka in an kai. In batir ya huta ka auna ka ga wajen 3.7 to ka tsaya a kan lokaci. Kuma ka cire wayar daga motar in ka gama, ko a kashe take wasu suna ja kaɗan-kaɗan har su kai shi ƙasa.

Maman Yara Garin Malam

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba wasan nake ba, ɗana ne ke da irinta, kuma a kan katifa nake ganin yana jona ta ya fita ƙwallo. Wannan gobarar da Mai Sola ya ambata da gaske ne ko tsoratarwa ce? Kuma wata maƙwabciyata ta ce a sa a firijo saboda zafi, ya kuka gani?

Mai Gyaran Waya Kasuwar Dole

Hajiya da gaske ne wallahi, a raba shi da katifar nan yau ɗin nan. Ba kullum yake faruwa ba, mutum zai yi shekaru bai gani ba, amma ranar da ya kama ba ya jira, huci zai fara da farin hayaƙi mai ɗaci sai wuta ta fito da ƙarfi, ƙwaya ɗaya ta kunna 'yar uwarta. Ki tuna wayar Galaxy Note 7 a 2016, Samsung babban kamfani ne amma sai da ya janye ta gaba ɗaya daga kasuwa, jiragen sama suka hana shiga da ita, to wannan na mota ya fi na waya sakin wuta kuma ba shi da gida mai tauri, jakar leda ce mai sheƙi kawai.

Turawa jaka ta musamman suke saya, mu kuma Allah ya hore mana tukwanen Mirya. A samu tukunyar ƙasa busasshiya a zuba yashi a gindinta, batirin a ciki, a ajiye a kan siminti nesa da labule da tabarma da bidon esans, murfin a ɗan karkace kada a toshe, da bokitin yashi a kusa. Kuma mutum na nan har ya cika, ba a jonawa a tafi ƙwallo ko a kwanta barci. In ya kama a fara zare cajar daga bango, a juye masa yashi, a fitar da yara daga hayaƙin.

Firijo ban ba ki shawara ba. In kin fito da shi cikin zafin nan raɓa ce za ta kwanta a kan wayoyin, ga abinci a ciki, ga kuran da ke zuwa yana tafiya. Ɗakin ƙasa mai sanyi ko lungun da rana ba ta kaiwa ya isa, in dai an sauke shi rabi kamar yadda Mai Sola ya ce.

Ɗan Birni na dawo kan naka. Batirin da ya kumbura ba ya komawa, kuma don Allah kada wani ya ce maka a huda shi da allura iska ta fita, na san wasu abokan sana'armu na yi wa na waya haka, ganganci ne, allurar na taɓa cikin ya haɗu. Ka fitar da shi tsakar gida a kan yashi, ka jona masa ampul ɗin babur mai volt 12 ka bar shi yana ci har ya mutu, ka ƙara barinsa kwana guda a haka, ka auna ka ga sifili, sannan ka murɗe ja da baƙi tare. Kada ka jefa shi bola da wuta a cikinsa, kullum ana cinna wa bolar wuta kuma yara na tono a wurin.

Ɗan Birni

To madalla, na fitar da shi yana can bayan ɗaki a kan yashi, gobe zan nemi ampul. Na auna ramin da rula kamar yadda yaya Mai Sola ya ce, tsawon santimita goma ne da ɗan kai, kan wayar kuma jan nan ne mai T. Yayana zai shigo daga Kano ƙarshen wata, zan ce ya nemo 2S biyu da cajar. Tambaya ta ƙarshe, ita B6 ɗin in ina son jona ta a kuran fa ba a sola ba?

Mai Sola na Sabon Gari

Sai ka haɗa ta da adafta mai ba da volt 12 amfer 5, ko ka ce ya nemo wadda aka rubuta B6AC, ita da igiyar bango take zuwa kuma tana karɓar batir ɗin ma. Kada ka sa cajar ordinater ba ka karanta jikinta ba, yawancinsu volt 19 ne, ya wuce abin da take ɗauka. Ka tura masa awon ramin har da faɗi da tsayi, ba tsawo kaɗai ba, kuma ya duba a kwalin cajar akwai igiya mai kan T, in babu ya sayo tun can don a nan sai ka sha yawo.